Na kalli Eureka har ƙarshe, amma Vom ce ta yi ta faɗo mini a rai

Hutun ƙarshen shekara ne ya ba ni sararin da na daɗe ban samu ba. Makaranta a rufe, sanyin Jos ya sauko da ƙarfinsa, da an idar da sallar isha'i babu mai marmarin leƙa waje. Sai na ɗauki filashi na je wurin wani yaro mai tura finafinai a wajen Terminus, na ce masa ina son shiri mai dogon zango da ya shafi kimiyya, ba na harbe-harbe da dodanni ba, wanda zan iya zama da yara mu kalla tare. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam, akwai wani tsohon shiri, Eureka. Ba a cika tambayarsa ba, amma ina jin zai yi maka." Ya tura mini zango biyar ɗin gaba ɗaya, kashi 77. Mun fara a Disamba, ba mu gama ba sai da aka koma makaranta da makonni, don ɗaya ko biyu muke kallo a dare, kowane kashi kuwa ya ɗan haura minti arba'in.

Hoton ya fita tas. Matsala ɗaya na samu, kashi biyu a zango na uku maganar tana riga bakin mai yinta, na koma ya sake tura mini bai karɓi ko sisi ba. Wanda na samu babu fassarar Hausa, sai rubutun Turanci da ke bi ta ƙasa, saboda haka na sha tsayar da shi in yi wa uwargida da ƙananan bayani.

Shirin na Amurka ne, an fara nuna shi a 2006 aka kammala a 2012. Labarin wani gari ne da babu shi a taswira, cikin dazukan jihar Oregon. Wai bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Shugaba Harry Truman, bisa shawarar Albert Einstein, ya sa aka gina shi, aka tara manyan masanan ƙasar a ciki, aka rufa asirinsa. Kusan kowa a garin yana aiki ne a wata ƙatuwar cibiyar bincike mai suna Global Dynamics, wadda ma'aikatar tsaro ke riƙe da wuyanta. Ana nan sai wani jami'in tsaro, Jack Carter, ya ɗauko 'yarsa Zoe da ta gudu daga gida zai mayar da ita, motarsu ta kufce daga titi a kusa da garin. Daga neman bakanike, sai ga shi ya zama shugaban 'yan sandan garin, kamar a ce DPO, a tsakiyar mutanen da yaransu na firamare ma sun fi shi lissafi.

Kusan kowane kashi hanya ɗaya yake bi. Wani masani zai ƙera wani abu, abin ya ƙwace masa, gari ya shiga uku. Masana su taru suna ta zuba manyan kalmomi, shi kuma Carter ya tsaya gefe yana tambayar abin da kowa ke ganin bai kai a tambaya ba: wa ya shiga ɗakin daga ƙarshe, me ya sa wannan abin ya yi kama da wanda ya faru da safe a wancan gidan. Daga irin waɗannan tambayoyin ake kamo bakin zaren. Wannan ne ya riƙe ni har ƙarshe. Shekara ashirin da wani abu ina koyar da fiziks a sakandare, kuma na sani sarai yaron da ya fi kowa amfanar aji sau da yawa shi ne wanda ba ya jin kunyar ɗaga hannu ya ce bai gane ba. Colin Ferguson, wanda ya fito a Carter, ya iya nuna mutumin da ya san iyakar iliminsa amma bai raina kansa ba.

Wanda ya fi kwanta mini a rai shi ne Henry Deacon, baƙar fata, mai garejin garin, wanda Joe Morton ya fito a matsayinsa. Injiniya ne da ya yi aikin kumbon sama jannati, amma kullum cikin kayan aiki za ka gan shi, hannu duk baƙin mai. Duk sanda ya bayyana sai in tuna da kanikawan Farin Gada, waɗanda za su kasa kunne su ji kukan inji su faɗa maka abin da ke damunsa tun ba su buɗe bonet ba. Shi ne kuma yake yawan nuna damuwa idan ya ga sojoji na neman mayar da binciken mutane makami. Su yara kuwa gidan Carter ne ya tafi da su, gida mai magana da ake kira SARAH, mai buɗe ƙofa da kanta, har fushi take yi idan maigidan ya makara bai kira ba.

Ga ɗalibaina da za su karanta wannan: kada wanda ya ɗauki kimiyyar cikin shirin ya shiga da ita jarrabawa. Mafi yawanta aron kalmomi ne na gaskiya aka ɗora wa tatsuniya. Abin da ke da amfani shi ne yadda suke aiki. Hasashen farko kusan kullum kuskure ne, sai an gwada, a ga bai yi ba, a koma a sake lale. Wannan kam haka bincike yake.

Ba duka ne ya yi mini ba. A farkon zango na uku an cusa tallar wani maganin warin jiki cikin labarin har abin ya yi yawa, kuma a daidai nan na fara jin maimaicin ya ishe ni. Zango na huɗu ya farfaɗo da shirin, inda mutum biyar suka tsinci kansu a shekarar 1947, da suka dawo suka tarar rayuwarsu ta canza. Dabara ce mai kyau, sai dai a cikinta ne aka yi abin da ya sosa mini rai. Shugabar cibiyar, Allison Blake, tana da ɗa mai suna Kevin da ke da lalurar galahanga. Zango uku muna ganin yadda take haƙuri da shi, yadda take koyon fahimtarsa. Da suka dawo daga 1947 sai kawai aka nuna shi garau, lalurar ta ɓace. Ina da ɗan ƙanwa mai irin wannan lalura, na kuma san uwarsa ba jiran wata na'ura take ta sauya mata shi ba, so take a karɓe shi yadda Allah ya yi shi. Na ji kamar marubutan sun gaji da ɗaukar nauyin yaron ne suka sauke. Sannan mai kallo da iyali ya riƙe rimot a hannu, don akwai soyayya irin tasu da shan giya jefi-jefi, ko da yake bai kai na sauran shirye-shiryensu ba.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne garin kansa. Ba daga sama marubutan suka ƙirƙiro shi ba. A 1943 Amurka ta gina Los Alamos a kan wani tudu a jihar New Mexico, ta tara masana ƙarƙashin Robert Oppenheimer, soja na gadin ƙofa. Garin ba shi da adireshi sai akwatin gidan waya mai lamba 1663 a Santa Fe, har jariran da aka haifa a can wannan lambar aka rubuta musu a takardar haihuwa. Abin da ya fito daga garin shi ne bam ɗin nukiliya da aka gwada ranar 16 ga Yulin 1945, aka kuma jefa wa Hiroshima da Nagasaki a watan Agusta. Tarayyar Sobiyet ta kafa nata garin masanan, Akademgorodok, a Saiberiya a 1957, Japan ma ta gina Tsukuba daga baya.

Eureka ta ɗauki wannan tarihin ta wanke shi tas, ta shafa masa hoda. Tituna fes, gidan cin abinci da ake dafa maka duk abin da ka ambata, babu mai tambayar daga ina ƙarafan da ake ƙera waɗannan na'urori suke zuwa. Mu a Jos bai kamata wannan tambayar ta wuce mu ba. Yawancin yuraniyom ɗin da aka yi aikin bam ɗin farko da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi. A nan kan dutsen namu kuma, bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Turawan mulki sun yi ta kwaso mutane daga lardunan Arewa ana tilasta musu haƙar kuza saboda yaƙi, abin da tsofaffinmu ke kira diban gwamna, kuma da yawa sanyi da yunwa da cuta suka kashe su. Kududdufan da aka bari suna nan har gobe a Bukuru da Rayfield da Barikin Ladi. A kashi 77 ban ga an waiwayi irin waɗannan mutanen ko sau ɗaya ba, kuma abin ya dame ni ƙwarai.

Wani dare muna cikin zango na biyar, babbar 'yata, wadda ke aji biyar na sakandare, ta juyo ta ce, "Baba, mu me ya sa ba mu da irin wannan garin?" Na tsayar da shirin na ce mata muna da shi, kuma bai kai tafiyar awa ɗaya daga ƙofar gidanmu ba.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, dillalin shanu ne a karar Bukuru. Ina yaro ya taɓa tafiya da ni Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take tun 1924. Abin da na riƙe a ranar shi ne dogayen itatuwa, da gidajen ma'aikata a jere, da mutane cikin fararen riguna, da wani shiru da ban saba ji a cikin gari ba. Wuri ne da aka keɓe don masana, da ɗakunan gwajinsu da makarantunsu da garkensu, kamar dai yadda aka yi Samaru a Zariya don binciken noma. An kafa cibiyar Vom ne musamman saboda bushiya, cutar da kan share garke guda cikin 'yan kwanaki. Na isa in tuna 1983, lokacin da ta dawo ta yi ɓarna a Arewa. Na ga Fulanin da suka saba zuwa wurin Baba da fara'a suna zaune a zaurenmu sun yi jugum, wasu babu ko saniya ɗaya da ta rage musu. Allurar rigakafi ce ta tsayar da ita, kuma Vom na cikin wuraren da ake haɗa ta. A 2011 aka sanar cewa an kawar da bushiya daga doron ƙasa, cuta ta biyu ke nan a tarihi bayan agana. A 2006 ma, shekarar da aka fara nuna Eureka, murar tsuntsaye ta ɓulla a Najeriya, kuma Vom ake kai samfuran kaji gwaji.

Na ce mata ta lura da inda suka bambanta. Abin da ake ƙerawa a Eureka yana komawa ne rumbun ma'aikatar tsaro, maƙwabtan garin ma ba su san da shi ba. Abin da ake haɗawa a Vom kuwa a cikin kwalba yake fita, a sa shi cikin ƙanƙara, ya bi mota ya bi babur har ruga, a yi wa saniyar mutumin da bai taɓa shiga aji ba allurar ciwon huhu ko ta harbin daji. Idan za a gina wa masananmu gari, irin wannan nake fata, a ba su wuta da ruwa da albashin da zai hana su tafiya waje, amma a bar ƙofar a buɗe ga makiyayi da mai kiwon kaji. Ta ce ita dai duk da haka tana son gida mai magana. Na ce ta dage da lissafi, wataƙila ita za ta gina mana shi.

Wanda ke son shiri mai sanyi da ban dariya, wanda ba zai hana yara barci ba, Eureka za ta yi masa, musamman zango na ɗaya da na biyu da na huɗu. Mai neman kimiyya tsantsa ko labari mai nauyi zai ga ta yi masa sauƙi da yawa. Ni na ji daɗinta, kuma ban yi da-na-sanin dararen da na ba ta ba. Filashin yanzu yana hannun wani abokin aikina mai koyar da kemistiri, ni kuma na riga na rubuta wa shugaban makarantarmu takarda ina neman izinin kai 'yan ajina ziyara Vom kafin zangon karatun nan ya ƙare. 'Yata ba makarantarmu take ba, amma ta sa na yi mata alkawarin kujera ɗaya a motar.