Sauya tankin mai a tsohuwar 504: sharhina kan aikin haɗa wuyan tanki

Motata Peugeot 504 ce akori-kura, cikin waɗanda aka haɗa a kamfanin PAN na Kaduna. Kamfanin ya fara aiki a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina, shi ya sa har gobe kayanta ba sa wuyar samu a Arewa. Tankin tawa tsatsa ce ta cinye shi daga ciki. Ƙasansa ya fara naso, datti kuma yana bin mai yana toshe kafireto. An goga sabulu, an yi liƙi, duk na ɗan lokaci ne. Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, mai hankali ba ya zuba ido mai yana ɗiga a ƙasa.

Tankin da na saya ɗan Beljiyam ne, a kasuwar Panteka. Ba ni da abin cewa a kansa. Mun haska cikinsa da tocila, fes yake, ramukan noti sun dace, geji ya zauna daidai. Sai dai babu wuya a jikinsa, wato bututun ƙarfen nan da ke tasowa zuwa inda ake zuba mai, don haka tsohon nawa aka mayar. A nan duk aikin ya tsaya. Bakin sabon tankin ya ɗan karkace daga inda wuyan ya sauko, tsohon tiyon da ke haɗa su kuma ya bushe ya tsattsage.

Wani mai walda da ke maƙwabtaka da garejin da na kai motar ya leƙo ya ce a kawo ya haɗe su da wuta kawai, a huta. Ogan garejin ya ƙi. Ya ce min, “Alhaji, tanki yana jikin shasi, wuya yana jikin bodi. In ka shiga gargada kowa motsinsa daban. Ka haɗe su da ƙarfe, wata rana sai walda ta tsage.” Robar da ke tsakani ita ke shanye wannan jijjiga. Ga kuma babban dalili: tankin da ya taɓa ɗaukar fetur, ko an juye shi tas, tururin da ya rage a ciki ya fi man kansa haɗari idan wuta ta kusanto. Wannan ƙin da ya yi shi ya sa na saki jiki da shi.

Abu na biyu da ya burge ni shi ne zaɓen tiyo. Yaronsa ya kawo guntun tiyon lagireto mai lanƙwasa daidai da abin da ake nema, ogan ya karɓa ya jefa shi gefe. Robar lagireto don ruwan zafi aka yi ta. Fetur na taɓa ta sai ta kumbura ta yi laushi kamar tuwon da ya sha miya, cikinta ya riƙa ɓarewa yana faɗawa tanki. Ya sa aka je aka nemo tiyon mai na ainihi. Ya fi tsada sosai, na biya ina ƙunƙuni, amma gaskiyarsa ce.

Na tsaya na kalli yadda ya haɗa. Bai ɗaure komai ba da farko. Ya kankare bakin tsohon wuyan da samfefa har ƙarfen ya yi haske, ya zura kilif biyu, wato zoben ƙarfen da ke matse tiyo, a jikin tiyon tun kafin ya saka shi, ya shafa ɗan ruwan sabulu a ciki don ya zame. Tanki yana kan jak, notinansa a sake, wuyan ma a sake. Da hannu ɗaya yana murɗa tiyon, yaro yana ɗaga jak a hankali, har robar ta hau kowane ɓangare ta wuce ɗan tudun da ke bakin bututun da kamar faɗin yatsu biyu. Sai da komai ya zauna da kansa ba tilas, sannan ya ɗaure tanki, ya ɗaure wuya, kilif ne ƙarshe, kowanne a bayan tudun nan. Ya kuma mayar da siririyar wayar da ke haɗa wuyan da jikin mota, wadda yawancin kanikawa ke yarwa. Amfaninta ta sauke lantarkin da ke taruwa lokacin da mai ke gudu a bututu, don kada tartsatsi ya tashi.

Inda suka gaza shi ne ƙaramin tiyon iska da ke bin gefen wuyan. Da na je gidan mai, ana fara zubawa sai bindigar ta riƙa katsewa, mai yana tasowa yana fesowa waje, har yaron gidan man ya tambaye ni ko tankina cike yake. Iskar da ke cikin tanki ce ba ta da hanyar fita. Da na koma aka duba, ashe tiyon ya naɗe tsakanin tanki da shasi. Ogan bai yi musu ba, ya sassauta tanki ya miƙar da shi, bai karɓi ko kwabo ba. Amma da sun gwada zuba mai da jarka kafin su sallame ni, da a gareji za a gano. Kilif ɗin da suka fara sakawa ma na araha ne, ɗaya ya suɓuce wajen ɗaurewa, sai da na ce a sauya duka biyun.

Yanzu mai yana shiga ba katsewa, na cika tanki na kwana na leƙa ƙasa babu ɗigo, kafireto ta daina toshewa. Zan sake kai musu aiki, kuma wanda ke da tsohuwar mota irin tawa zan ce ya sayi tiyon mai da kilif masu kyau da kansa kafin ya je, ya kuma tsaya a zuba mai a gabansa. Abin da ya rage min shi ne murfin tanki. Robarsa ta mutu, idan tanki ya cika aka sha kwana ana jin ɗan warin fetur, kuma a garejin ba wanda ya ankarar da ni. Shi zan nema idan na sake shiga Panteka.