Gargaɗi: Idan tarkacen imel ya yi maka ambaliya dare ɗaya, akwai abin da ake ɓoye maka

Jama'a, don Allah ku tsaya ku karanta wannan, musamman masu amfani da imel wajen harkar banki, sayayya ta intanet ko aikin ofis.

Kowa ya san tarkacen saƙonnin da ke faɗowa akwatin imel: talla, "ka ci kyauta", maganin kaza, bashi nan take. Mun saba da su, mu share mu wuce. Abin da nake jan hankali a kai shi ne ranar da lissafin ya canja kwatsam. Ka kwanta akwatinka lafiya lau, ka wayi gari da saƙonni ɗaruruwa, wayar sai ƙara take ba ƙaƙƙautawa. In ka duba kuma ba irin waɗanda ka saba gani ba ne. "Mun gode da rajistarka." "Tabbatar da adireshinka." Daga jaridu, daga shagunan intanet, daga ƙungiyoyi, wasu da Jamusanci, wasu da Rashanci, wasu da harshen da ko sunansa ba ka sani ba.

Wani ne ya sa manhaja ta ɗauki adireshinka tana cusa shi a fom ɗin rajista na shafuka barkatai. Shafukan na gaskiya ne, shi ya sa matatar Gmail ko Outlook ba ta iya tare su duka, don a ganinta saƙo ne na ƙwarai daga wurin da aka sani. Ƙura ce aka tayar da gangan.

Abin da ake ɓoyewa saƙo ɗaya ne tak, wani lokaci biyu. Ɓarawon ya riga ya samu kalmar sirrinka ko lambar katinka, ya yi sayayya, ko ya tura kuɗi, ko ya canja lambar wayar da ke haɗe da asusunka. Ya san banki ko shagon zai aiko maka da sanarwa, sai ya binne ta a tsakiyar shara. Yana sa ran haushi ya kama ka, ka zaɓi duka ka share lokaci guda, sanarwar ta bi su. Kafin ka farga kayan sun isa inda ya tura su, lokacin soke cinikin ya wuce. Wannan ne ya fi ƙona min rai, domin da hannunka kake goge shaidar.

Akwai salo na biyu da ya fi wannan muni, kuma ma'aikatan ofis aka fi yi wa. Ana cikin ambaliyar sai waya ta shigo, ko saƙo ta Teams, manhajar hira da taro ta Microsoft da ofisoshi ke amfani da ita. Murya a natse, cikin ladabi: "Daga sashen kwamfuta ne, mun ga matsalar da ke damun imel ɗinka, bari mu gyara maka." Kai kuma dama kanka ya ɗau zafi, sai ka ji kamar an aiko maka da ceto. Zai ce ka buɗe Quick Assist da ke cikin Windows, ko ka sauke AnyDesk, manhajojin da ke ba wani damar sarrafa kwamfutarka daga nesa, ka ba shi izinin shiga. Da ka ba shi, kwamfutarka ta koma hannunsa, yana ganin abin da kake gani, yana saka abin da ya ga dama. A watan Mayun 2024 kamfanin Microsoft ya fito ya bayyana wannan dabara, ya ce wata ƙungiyar masu kutse na bin ta har ta kai ga dasa Black Basta, manhajar da ke kulle bayanan kamfani sai an biya kuɗin fansa. Wanda ya kira ka ɗin shi ne ya turo sharar tun farko. In ba haka ba, ta yaya ya san halin da kake ciki kafin ka kai ƙara?

Wani zai ce ai yawan tarkacen imel dama hawa da sauka yake. Gaskiya ne. A watan Nuwamban 2008 da aka yanke wa kamfanin McColo na Amurka intanet, saboda ta wurinsa ake sarrafa tarin kwamfutocin da aka yi wa kutse, sharar imel ta duniya ta ragu da wajen kashi biyu cikin uku, amma bayan 'yan watanni ta dawo. A Maris 2011 aka rusa Rustock, wani tarin kwamfutocin da aka yi wa kutse ana aika shara da su, aka sake samun sauƙi. Daga Fabrairun 2024 kuma Gmail da Yahoo suka tsananta wa masu aika saƙo da yawa: dole su tabbatar da ko su wane ne, dole su sa hanyar daina karɓar saƙonninsu da dannawa ɗaya. Irin wannan canji kowa yake shafa. Amma a ce kai kaɗai, cikin awa ɗaya ko biyu, alhali na kusa da kai bai ga komai ba, to kai aka nufa.

Shirun ma abin lura ne. Idan sanarwar banki da ka saba samu ta daina zuwa, kada ka ce an huta. Mai kutse kan shiga saitin imel ya kafa doka cewa duk saƙon da ke ɗauke da sunan bankinka a goge shi, ko a tura shi wani adireshi. Mutane da yawa ba su taɓa leƙa wannan sashe ba tun da suka buɗe imel ɗin.

In abin ya same ka, kada ka share komai tukuna. Yi amfani da wurin bincike na akwatin, ka rubuta sunan bankinka, da sunayen shagunan da katinka ke ajiye a cikinsu, da kalmomin da ke zuwa a rasit ko a sanarwar canjin kalmar sirri. Ka leƙa jakar Spam da ta abin da aka goge. Sannan ka shiga manhajar bankin kai tsaye, ba ta wata mahaɗa da ke cikin imel ba, ka duba abin da ya fita. Ka ga abin da ba ka sani ba, kira lambar da ke bayan katinka a rufe shi nan take. Daga nan ka canja kalmar sirrin imel ɗin, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu (wato a nemi ƙarin shaida, kamar lambar da ake turowa wayarka, bayan kalmar sirri), ka duba dokokin tacewa da na turawa, ka cire duk wadda ba kai ka sa ba. Shafin Have I Been Pwned zai nuna maka ko adireshinka na cikin bayanan da aka taɓa sacewa. In kalmar sirri ɗaya kake amfani da ita ko'ina, a ranar za ka raba su.

Kada kuma ka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya kana danna "cire ni". Ɓata lokaci ne a sa'ar da kowane minti ke da tsada, kuma a cikinsu ana iya cusa na bogi. Ambaliyar kan lafa da kanta, sharar za ta jira ka.

Wanda ya kira kuwa, ko da sunan ofishinku ya bayyana a allo, ka ce masa za ka kira da kanka. Ka kashe, ka nemi sashen kwamfutar ta lambar da ka sani tun da, ka gaya musu cewa an yi maka ambaliya kuma wani ya kira da sunansu, domin da wuya a ce kai kaɗai aka kira a ofishin.