Dizainan da ya yi min logo: inda ya burge ni da inda ya gaza

Jama'a ga ra'ayina kan wani dizaina da na samu a intanet na ba shi aikin logo na dan kasuwancina na dinkin jakunkuna. Ba zan kama sunansa ba tunda akwai inda zan dan caccake shi, amma dai in taurari biyar ake bayarwa to hudu zan ba shi.

Bai fara da zane ba, tambayoyi ya jero min kamar mai daukar ma'aikata, su waye kwastomominki, matasa ne ko manya, a ina logon zai fi zama, jikin jaka ne ko kati ko hoton furofayil, wane ne yake irin sana'arki kuma wace kala yake amfani da ita don kar ku yi kama. Da ya zo kan me nake so a ciki sai na ce allura da zare da almakashi da jaka, in da hali a dan kara tauraro a sama. Ya ce "Anti wannan ai kayan shago kika kirga min, ba logo ba." Na ji haushi a lokacin wallahi, amma hujjarsa ta fi karfina. Ya turo min tambarin Apple na farko na 1976, zane ne cike da tarkace, Isaac Newton zaune a gindin bishiya ga kyalle ya nade hoton da sunan kamfani a jiki, kana rage girmansa komai ya cakude ba ka gane komai. Shekara daya kacal aka sauya shi, a 1977 Rob Janoff ya zana tuffan nan mai cizo a gefe da kowa ya sani. Haka na Nike, wata daliba ce Carolyn Davidson ta zana a 1971, layi daya ne lankwasasshe, babu takalmi a ciki ballantana mai gudu. Wato ba aikin logo ba ne ya fadi duk abin da kake sayarwa, nasa kawai a gane ka da an hango.

Karshe dai harafin farko na sunan kasuwancin ya dauka ya lankwasa samansa ya zama kamar marikin jaka, kala biyu kawai. Abin da ya fi burge ni yadda ya gwada shi kafin ya mika min, ya rage shi ya koma kamar farcen yatsa ya ce in duba ko yana karantuwa, ya mayar da shi baki da fari saboda ranar da za a yi hatimi ko a buga shi a jikin fata inda babu zancen kala, sannan ya saka shi cikin da'ira tunda WhatsApp da Instagram duk yanke kusurwoyin hoton furofayil suke yi. Wannan na karshen mutane da yawa ba sa tunawa, shi ya sa za ka ga shafin kasuwanci an datse rabin sunan.

Sai batun fayil, nan ne na san kwararre na dauka. Bayan PNG mara bango da zan iya dorawa kan kowane hoto, ya hado min da SVG da PDF irin wanda suke kira bekta. Bambancin shi ne PNG da JPG kananan digo-digo ne aka jera, kana ja ya yi girma sai ya dushe, shi kuwa bekta lissafin layuka ne kwamfuta take sake zanawa, ko allon talla na bakin titi za a buga ba ya fashewa. Na san wasu za su ce ai a Canva, manhajar nan ta hada zane a intanet, ma sai ka yi da kanka, eh ana yi kuma yana fitar da mutum kunya a farkon kasuwanci, sai dai samfurin da ka dauka wani ma zai iya dauka, kuma ka'idarsu ta ce ba za ka yi rajistar alamar kasuwanci da logon da aka hada daga samfuransu da hotunansu na kowa da kowa ba.

To inda ya gaza. Lambar kalar da ya ba ni ta sikirin ce kawai, RGB, bai ba ni ta masu bugu ba wato CMYK, kuma bai ce min uffan ba cewa kalar da haske yake fitarwa a waya ba lallai tawada ta iya kawo ta a takarda ba. Da aka buga sitika sai shudin nan mai haske ya fito a dushe, mai bugun ne ma ya yi min bayani. Wannan abu ne da ya kamata a ce shi ya fara gargadina tun muna zaben kala. Ga jinkirin amsa sako, ka yi magana da safe sai gari ya waye ka ga "afuwan Anti". Takardar da ke nuna logon ya zama mallakina da sunan salon rubutun da ya yi amfani da shi da ko lasisinsa ya yarda a yi kasuwanci da shi, duk sai da na bi shi na tambaya kafin ya turo, don haka wanda zai ba irinsu aiki ya sa wadannan cikin yarjejeniya tun kafin ya biya kafin alkalami, har da sau nawa aka yarda a yi gyara.

Yanzu haka na sake ba shi aikin ya fitar min da na kwance, wanda alamar ke gefe sunan na biye da ita, saboda wanda nake da shi ya yi tsayi da yawa a lakabin da ake dinkawa cikin jaka.