Sashen kine ya taimaki ƙafafuna, amma kuɗin ya yi mana nauyi

Ina cikin waɗanda suka fara shan maganin sida tun farkon ba da shi kyauta a Nijar. Haɗin da ake ba mu a lokacin akwai stavudine a ciki. Ya tsayar da cutar, alhamdu lillahi, amma ya bar wa da yawanmu ciwon jijiyoyi: da dare tafin ƙafa ya yi ta ƙuna kamar an taka garwashi, da rana ya mutu har takalmi ya sulluɓe ba ki sani ba. Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2010 sun ce a janye shi. Yau ƙwaya ɗaya mai dolutegravir nake sha kullum, awon jini ba ya ma ganin ƙwayar cutar. Ƙafa ce dai ba ta dawo ba.

Da faɗuwa ta yi yawa, likitana ya tura ni sashen kine, wato inda ake jinyar gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, na wani asibiti a nan Yamai. Tun ranar farko yarinyar da ke kula da ni ta ce, "Inna, jijiyar da ta lalace ba lalle ta warke ba, amma za mu hana ki faɗuwa." Wannan gaskiyar ta sa na yarda da ita. Ta koya mini tsayuwa da ƙafa ɗaya ina dafe da ƙarfe, da ɗaukar tsumma da yatsun ƙafa. Ta rage tsawon sandata daidai hannuna. Ta hana ni tafiya ba takalmi da gasa ƙafa da ruwan zafi, tunda ba na jin ƙuna, ta ce kowane dare in duba tafin ƙafa da madubi. Ta karanta takarduna, ta san abin da nake ɗauke da shi, kuma ta riƙe ƙafata ba ƙyama. Mai wannan ciwo ya san darajar haka.

Yanzu ina zuwa kasuwar Wadata ni kaɗai. Zafin dare ya ragu, bai tafi ba.

Inda abin ya ɓata mini rai shi ne kuɗi. Kowane zama sai an biya, ga kuɗin taksi daga Bukoki. Na san mata a ƙungiyarmu da suka daina zuwa saboda haka, wata ma ta koma rarrafe a tsakar gida. Kujerun jira ba su isa ba, mai sanda sai ya jingina da bango.

Wadda ƙafarta ta fara mutuwa ta gaya wa likitanta da wuri, ta roƙi takardar zuwa kine. Ko zama kaɗan ta iya biya, ta ce a nuna mata motsin da za ta ci gaba da yi a gida.