Ofishin akawun da muka kai maganar fanshon Baffa a Dutse

Tun kafin azumi nake cewa zan rubuta wannan abin Allah bai yi ba sai yau, mutum uku kenan suna tare ni bayan sallar Juma'a wai ina muka kai maganar fanshon Baffa kuma nawa aka caje mu, toh gara in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, da mai daɗin da mara daɗin.

Baffa yayan babanmu ne, shekara 36 yana tuƙa bas a Landan, a 2022 ya tattaro nasa ya nasa ya dawo ƙauyenmu nan ƙasar Jahun, ya gina ciki da falo ya sa sola ya sayi tumaki yana kiwonsa. Fansho biyu yake karɓa, akwai na tsufa wanda gwamnatin Ingila ke biya, akwai kuma na kamfanin da ya yi wa aiki, fam 500 duk wata. Ni nake duba masa saƙonni a waya dan idonsa ya fara rauni, kuma duk wata sai mun yi wannan rigimar, takardar kamfani ta nuna an cire kusan fam 51 na haraji shi kuma ya hau faɗa, wai ni da na bar musu ƙasarsu, ba na bin titinsu ba na shan ruwansu, harajin me kuma? Har wani yaro mai shagon fotokwafi ya taɓa ce mana in aka ba shi dubu hamsin kafin alƙalami da kashi talatin na abin da ya fito zai dawo da kuɗin duka tun daga 2022. Allah ya taimake mu ba mu ba shi ba. Abin da ya tashe mu tsaye shine da fanshon gwamnatin ya tsaya cak, wata biyu ba alat.

Wani malamin makaranta ne ya kwatanta mana ofishin, a cikin Dutse saman wani shagon sayar da waya, sunan kam zan bar shi tunda akwai inda zan yi ƙorafi. Matsalar farko matattakala ce, siririya ga tsayi, tsoho mai shekara saba'in da ciwon gwiwa sai da muka huta sau biyu kafin mu kai. An ce mana ƙarfe goma, mun fito tun da sassafe muka bi ta Kiyawa, oga bai shigo ba sai sha biyu da rabi, kuma babu ko sannu da jira daga bakin sakatariyar, sai dai ta karɓi dubu ashirin kuɗin ganin oga ta ba mu risiti. Risitin dai ta bayar, wannan na yaba.

Amma fa da mutumin ya zauna sai na manta da jiran. Ya gaida Baffa har da ranƙwafawa, yace Baba kawo takardun duka har wanda kake ganin ba shi da amfani, ya ja farar takarda da biro ya fara lissafi a gabanmu, ba kwamfuta ba komai. Fanshon gwamnati fam 185.15 a sati, a shekara ya kama 9,628, ga na kamfani 6,000, duka 15,628. Yace a Ingila fam 12,570 na farko a shekara ba a taɓa shi, kuma tunda Baffa yana da fasfonsu wannan rangwamen yana nan ko a ina yake zaune. Abin da ya haura shine 3,058, a cire kashi 20 cikin ɗari, ya zama 611 da ɗoriya, raba gida goma sha biyu, ya zagaye lambar da biro ya turo wa Baffa takardar. 51. Daidai abin da ake cirewa. Ashe shi fanshon gwamnati ba a cire masa haraji kafin a turo, hukumar harajinsu HMRC sai ta ɗora nauyin duka a kan na kamfanin, shi ya sa muke ganin kaman kamfani ne ke cin kuɗin.

Baffa yace toh ai ni yanzu a Jigawa nake. Nan ya kawo maganar yarjejeniyar da Najeriya da Birtaniya suka sa wa hannu a 1987 dan kar a karɓi haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya, yace a cikinta fanshon aiki ƙasar da kuɗin ya fito ita ke da harajin, ba inda tsoho ya shimfiɗa tabarmarsa ba. Yace akwai ƙasashen da tasu yarjejeniyar ta ba wa ƙasar da mutum yake zaune, shi ya sa za ka ji wani yace abokina ya koma ƙasa kaza an daina cire masa, gaskiya ya faɗa amma tasu daban tamu daban. Sai ya kalli Baffa yace Baba ba zan ɓoye maka ba, babu ko fam ɗaya da za a dawo maka da shi, duk wanda yace zai karɓo maka kuɗinka zai ci. Wallahi nan ne na ji dubu ashirin ɗina ta halatta, mutum ya karɓi kuɗinka kuma ya faɗa maka abin da ba ka son ji, alhali da ya so sai ya yi ta ja mana rai muna zarya muna biya.

Wanda ya fi yi wa Baffa ciwo ma ba harajin ba ne. Na tambaya me ya sa kuɗin gwamnatin bai taɓa ƙaruwa ba tunda ya dawo, alhali abokinsa da ke can yace duk Afrilu ana ƙara musu. Yace haka dokarsu take, in ka koma ƙasar da ba su da yarjejeniyar ƙari da ita to fanshonka ya daskare a inda ka bar shi, Najeriya na ciki, Kanada da Ostireliya da Afirka ta Kudu ma haka, amma wanda ya koma Amurka ko Jamaika ko ƙasashen Tarayyar Turai ana ƙara masa. Cikakken fanshon ya koma 203.85 a 2023, ya koma 221.20 a 2024, daga Afrilun 2025 kuma 230.25, shi Baffa yana nan a 185.15 ɗinsa, bambancin fam 45 kenan duk sati a lokacin, kusan abin da yake faɗa a kai duk wata. Tsohon nan shiru ya yi ya cire hula ya shafa kai ya mayar, can yace da na sani ma dai da zan dawo, wa zai binne ni a can. Ba wanda ya ce uffan, sai ƙarar fanka.

Maganar tsayawar kuɗin kuwa laifinmu ne tsaf. Lokaci lokaci hukumar fanshon Ingila suna aiko wa masu fansho a waje takardar shaidar cewa mutum yana raye, a cike wani mai muƙami kaman likita ko lauya ko ma'aikacin banki wanda ba ɗan uwa ba ya sa hannu a mayar cikin sati 16, in ba su gani ba su dakatar da biya. Shi kuma Baffa adireshin akwatin gidan waya ya ba su, makullin yana aljihun ɗansa da ya tafi Legas, takardar tana ciki tana shan ƙura. Oga ya kira sashen fanshon ƙasashen waje a gabanmu ya sa a sifika, ya miƙa wa Baffa ya amsa tambayoyinsu da bakinsa, ranar na fara jin Turancin Baffa na direban bas, har sakatariyar sai da ta leƙo.

Ya kuma ja masa kunne a kan zuwa Ingila ganin likita da jikoki, yace shekarar harajinsu daga 6 ga Afrilu take farawa zuwa 5 ga Afrilu, in ya yi kwana 183 a can cikin shekara ɗaya sun mayar da shi mazaunin can, kuma tunda yana da iyali a can ko bai kai haka ba ana iya ƙirga shi, dan haka ya riƙa rubuta ranar shiga da ranar fita. Ta ɓangaren gida bai daɗe ba, yace harajin mutum jiha ake biya, sabuwar dokar da ta fara aiki Janairun 2026 ta yafe naira dubu 800 na farko a shekara, kuɗin hayar shaguna biyun da Baffa ke da su wannan na Jigawa ne ya je ya yi rajista, ya kuma adana takardun da ke nuna an riga an cire na fansho a can.

Inda suka ɓata min rai shine bayan nan. Yaron ofishin da ya cike fom ɗin shaidar yana raye ya juya lambobi biyu a lambar inshorar Baffa, wato lambar da hukumar fanshon Ingila ke gane shi da ita, ni na gano a gida da fitilar waya, sai da muka sake ɗaukar tsoho muka koma ya sake sa hannu, kuɗin mota a kanmu kuma ko haƙuri ba a ba mu ba. Sannan aka ce a kawo dubu talatin da biyar na aika takarda, wanda ba a faɗa mana tun farko ba. Waya kuwa kar ka sa rai, na kira sau bakwai a rana ɗaya, saƙon WhatsApp a karanta a yi shiru, in ba oga ka kama da kansa ba babu wanda ya san komai a ofishin.

In za a ce in ba su maki uku da rabi ne cikin biyar, ukun duk na oga ne. Wanda zai je ya tafi da fasfo da duk takardun fansho, ya tambayi kuɗin komai tun a bakin ƙofa, ya karanta fom layi layi kafin a sa hannu, in tsohon ba ya iya hawa a roƙi oga ya sauko, mu a zuwa na biyu ya sauko har cikin mota. Kuɗin Baffa sun dawo bayan sati bakwai har da na watannin da aka riƙe, fam 51 ɗin kuma ana nan ana cirewa, yanzu goron Sarki Charles yake ce masa. Makullin akwatin an aiko shi daga Legas, yana jikin makullin mashin ɗina.