Ta hanci aka ciro mini ƙarin da ya kusa makantar da ni

Wata takwas ke nan da aka yi mini aiki, sai yanzu na ji zan iya faɗin ra'ayina da adalci.

Ƙarin ya tsiro ne a ƙwayar fitutari, wato 'yar ƙwayar da ke sakin sinadaran da ke daidaita aikin jiki, can gindin ƙoƙon kai, ya haura santimita 4, har ya danne mahaɗar jijiyoyin gani. Abin da ke gabana ina ganinsa, amma wanda ya zo ta gefe sai ya taɓa ni nake sanin zuwansa. Na saki jiki cewa buɗe kan za a yi. Sai likitan ƙwaƙwalwa ya ce ta hanci za su bi, shi da likitan kunne, hanci da maƙogwaro: a tura siririn bututu mai kyamara da fitila, a ratsa kogon ƙashin da ke bayan hanci, a riƙa yagar ƙarin kaɗan-kaɗan. Ba a aske mini gashi ba, fuskata babu tabo.

Da suka gama, fatar cikin hancina suka yanko suka toshe ramin, don kada ruwan ƙwaƙwalwa ya riƙa ɗiga. Tun 2006 aka fito da wannan dabara, kuma ta rage yoyon sosai. Nawa bai yi ba, Alhamdu lillahi.

Inda nake da ƙorafi shi ne kiransa "ƙaramin aiki". Ƙofar ce ƙarama. Daren farko ƙishirwa ta taso mini irin wadda ban taɓa sani ba, ina sha ina fitsari, babu barci, saboda an taɓa wurin da ke sakin sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki. Maganin desmopressin ya kwantar da ita, amma ya kamata a ce an zaunar da ni an yi mini bayani tun kafin in shiga, da ban firgita haka ba. Ga makonni na hana fyace hanci da sunkuyo, ga wanke hanci da ruwan gishiri kullum.

Sun bar ɗan guntun da ya manne wa babbar jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, kuma na gode da ba su matsa ba. Ana bibiyarsa da hoton MRI. In ya motsa, ana iya gasa shi da haske, wato radiotherapy.

Wanda likitansa ya ce ƙarinsa ya dace da wannan hanya, ina ba shi shawarar ya yarda, amma ya tambayi sau nawa likitocin biyu suka yi ta tare. Ganina na gefe ya fara dawowa cikin makon farko. Jin ƙamshi kuwa sai da ya kai wata na uku.