Sabuwa a kwali ko ta hannu: wace waya ce za ta tsare maka kuɗinka?

Mai neman waya a shagunan Katsina ko Daura yakan tambayi kyamara da batir ne kawai. Ba kasafai ake tambayar shekara nawa kamfanin zai yi yana aiko da gyaran tsaro ba, wato sabunta manhajar wayar ta intanet, alhali da shi ake toshe ƙofofin da masu kutse ke ganowa.

A nan Samsung ta yi gaba. Galaxy S24 ta 2024 tana da alkawarin shekara 7, A16 mai sauƙin kuɗi kuma shekara 6. Tecno da Infinix da Itel sun fi araha, kayan gyaransu ma ko'ina akwai, amma wa'adin gyaran tsaronsu yawanci bai kai haka ba. iPhone tana daɗewa tana samun gyara, sai dai yawancin waɗanda ake kawowa na hannu ne, sun riga sun cinye wani kaso na wa'adinsu.

Ta hannu ita ke buƙatar natsuwa. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, sai ka gwada ta da ta jikin kwali ko rasit. Shiga Settings ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. In ya haura shekara, nemi wata. Mai sayarwa ya fitar da asusunsa na Google ko iCloud a gabanka, sannan a goge wayar kakaf. In ya ce ya manta lambar sirri, ajiye masa kayarsa, domin mai yiwuwa ta sata ce, kuma za ta iya kullewa a hannunka.

Ka zaɓi mai karanta zanen yatsa. Buɗewa da fuska a ƙananan wayoyi kyamarar gaba ce kawai, hoto ma kan iya yaudararta.

Kowacce ka saya, ranar ka sa wa layinka PIN. Ɓarawo ba ya wahala da wayar, layin yake zarewa ya sa a wata, ya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, saƙon banki kuma yana shigo masa. Haka nan za a iya yi wa layin wayar da aka bari a shagon caji. Adana katin da layin ya zo a jikinsa, domin kuskuren PIN sau uku sai da PUK ɗin da ke rubuce a kai.

Kada ka yarda yaron shago ya tura maka manhajoji ta Xender, musamman GBWhatsApp, wadda kwaikwayon WhatsApp ce, ba ta kamfanin ba. Ɗauko su da kanka daga Play Store, kuma ka kunna lambar tabbatarwa ta biyu mai lamba 6 a WhatsApp.